Matar Yayana Mai Danna "Ba Yanzu Ba"

Ban taɓa ganin wadda ake yabo don ta ƙi yin abu ba sai Chizuru, matar yayana. Kullum da safe za ta kunna kwamfutar gidanmu da ke lungun falo, kwamfutar ta fito mata da saƙo cewa sabon tsari ya zo, a danna nan a sauya komai. Sai ta danna "ba yanzu ba." Shi ke nan fa aikin. Baba kuwa yana tsaye a bayanta da kofin shayi yana gyaɗa kai, kai ka ce gobara ta kashe.

Ni ce 'yar gidan, ni Honoka, amma ni ko kujerar gaban kwamfutar ba a so in zauna.

Chizuru 'yar kan dutse ce, daga can Kumakogen, inda mutane suka fi sanin itace da mota. Ubanta ya mutu tana 'yar sha uku, ita ta riƙe ƙannenta biyu uwarsu na fita aiki. Wannan labarin na ji shi ya fi sau ɗari, kuma ba daga bakinta ba, daga bakin Baba. Da ta gama sakandare ta sauko garinmu Imabari ta yi shekara takwas tana karɓar baƙi a wurin wani likitan haƙori. A can yayana Takuma ya je cire haƙori ya dawo da mata. Ba wani kyau ne da ita ba, gaskiya. Gajera ce, ga faffaɗar fuska, ga magana a hankali kamar wadda ake sayar wa kalmomi. Takalminta ɗaya na fita tun ranar da na santa. Amma idan ta ajiye cokali a wuri, ka dawo bayan shekara ka same shi a wurin.

Baba tabarmar ɗaki yake yi, tatami, shi da Yaya Takuma, a shagon da ke haɗe da gidan. Sana'ar nan kuwa ba kamar sayar da kifi ba ce da ake zuwa kullum. Mutum zai sauya tabarmarsa yau, ba zai sake nemanka ba sai bayan shekara bakwai ko goma. To me zai sa ya tuna da kai? Katin gaisuwar sabuwar shekara. Kati ɗaya, ranar ɗaya ga Janairu, da sunan shagonmu, Ochi, a ƙasa. Baba yakan ce katin nan shi ne igiyar da ta ɗaure mu da mutane, in ta tsinke sun tafi wurin masu shimfiɗa katako.

Mama ce ke riƙe da sunayen a wani littafi mai koren bango, sunaye wajen ɗari huɗu, da rubutun hannunta. Ta rasu ina da shekara sha takwas. Bayan shekara ɗaya aka kawo Chizuru. Ban manta ba, ina zaune ina cin shinkafa Baba ya ɗauko littafin nan da hannu biyu ya miƙa mata. A gabana. Littafin uwata. Ita kuma ta yi wata uku tana zuba sunayen cikin kwamfuta, ɗaya bayan ɗaya, a wata tsohuwar manhajar buga kati. Ni kuma aka bar ni da aikina na babban kanti, sashen kifi, inda nake dawowa gida kuliyoyin unguwa na bina.

Da kakar bara aka gane Chizuru na da ciki. Baba ya ce a kan abinci, idan ta haihu a watan Afrilu dole a samu mai zama a tebur, mai ɗaukar waya da riƙe kwamfuta. Bai kalle ni ba, amma wa ya rage? Ya ce zai yi tunani, bayan sabuwar shekara zai faɗa. Har ya ambaci wata 'yar ƙanwarsa da ta yi makarantar koyon aikin ofis. Tun daga ranar teburin nan ya ƙara tsaya min a rai. Na gaji da ƙarnin kifi, kuma na gaji da zama baƙuwa a gidan ubana.

Sai na fara da abin da na fi ta sani.

"Yaya," na ce mata wata safiya, "kin san kamfanin ya daina kula da tsohon tsarin nan ko? Tun watan Oktoba. Ƙofa ce a buɗe yanzu, duk ɓarawon da ya ga dama ya shigo."

"Na sani," in ji ta.

"Kin sani kina danna ba yanzu ba?"

"Ban ce ba za a yi ba. A Janairu za a yi."

"Shafin masu kawo mana kaya ma ya fara ƙin buɗewa. Jiya sau uku kika gwada, ina kallonki."

"Na kira su a waya."

"A waya. Me zai hana ki aika tantabara?"

Yaya Takuma ya yi dariya, ya ga matarsa ba ta yi ba, ya mayar da ita tari.

Chizuru ta juyo da kujerar. "Honoka, firintar nan shekararta sha ɗaya. Manhajar katin ta girme ta. Ban san ko za su yarda da sabon tsarin ba. Idan suka ƙi a Janairu, ina da wata goma sha ɗaya in gyara. Idan suka ƙi a Disamba, kwana goma gare ni. Ɓarawon da kike faɗa wataƙila ya zo, wataƙila bai zo ba, shi ya sa ba na buɗe komai a kanta sai aiki. Sabuwar shekara kuwa tabbas za ta zo."

"Tsoro ne kawai," na ce.

"Eh, tsoro ne."

Ka ji fa. Ka zagi mutum ya ce eh. Baba ya kurɓi shayi ya ce, "Ki riƙa sauraron yayarki." Yayata? Ni ban da yaya mace, an dai kawo min ne a mota.

Kuma maganata gaskiya ce, kada wani ya ce min ba gaskiya ba ce. Wata da muke aiki tare, kwamfutar gidansu ta kulle da duk hotunan yaransu a ciki saboda irin wannan jinkirin. Na gaya wa Baba, ya ce mutanen nan ba su da Chizuru.

Ranar sha biyu ga Disamba uwar Chizuru ta zame a ƙanƙara ta karye a ƙugu. Chizuru ta haɗa jaka da cikinta na wata biyar. A bakin ƙofa ta ce wa Baba za ta dawo ranar ashirin da ɗaya, ta buga katunan washegari, a kai gidan waya kafin ashirin da biyar don su isa ranar ɗaya ga wata. Ta ce lokaci ya isa har ya yi yawa. Sannan ta kalle ni ta ce, "A bar kwamfutar a kashe, don Allah."

Da ba ta ce don Allah ba, wataƙila da na bari.

Ranar sha huɗu ina hutu. Baba da Yaya sun tafi shimfiɗa tabarma a wani haikali, ba za su dawo ba sai yamma. Na zauna a kujerar. Har matashin ya ɗauki siffar mazaunanta. Na kunna, saƙon ya fito, na danna ɗaya maɓallin, wanda babu wanda ya taɓa dannawa a gidan nan.

Awa uku tana juyi. Ta mutu ta tashi, ta mutu ta tashi. Na ci biskit fakiti guda don tashin hankali. Da ta gama kuwa, sai ga ta fes, komai sabo, tana gudu kamar yarinya. Shafin masu kaya ya buɗe nan take. Na ce to, ina masu tsoro?

Firinta ta ƙi. Wannan kam Chizuru ta faɗa. Kwana biyu ina fama da ita bayan aiki, ina bin bayani a wayata, har ta yi ƙara ta jawo takarda. Tsohuwar manhajar katin ma ta ƙi buɗewa sam. Na je na sayo sabuwa, ta tambaye ni ko in kwaso sunaye daga tsohuwar, na ce kwaso. Suka zubo. Na duba ƙasa, ɗari huɗu da sha biyu. Na ɗauko littafin Mama na gwada suna ashirin, adireshi daidai, babu harafin da ya ɓata. Ni fa ba sakarya ba ce, na duba.

Sai na ce tunda na zo nan, me zan jira? A nan kowace shekara da sunan dabbarta, kuma shekarar doki ce mai zuwa. Chizuru da za ta zaɓi wani dokin tawada mai kama da na kabari. Ni na zaɓi ja mai ruwan gwal, yana tsalle yana dariya, a ƙasa an rubuta barka da sabuwar shekara, muna muku fatan lafiya da tsawon kwana. Na buga duka. Ranar sha takwas na ɗaure su da roba na kai gidan waya da kaina.

Da yamma na gaya wa Baba. Na ajiye masa guda ɗaya da na buga da sunansa. Ya sa tabarau, ya juya shi gaba da baya. Na zaci faɗa zai yi. Sai ya ce, "Ke kaɗai kika yi?"

"Ni kaɗai."

"Har firintar?"

"Har ita."

"Dokin ya yi hayaniya," in ji shi. "Amma ya fita da kyau." Ya tura min kwanon kifin da ke gabansa. Washegari na ji shi yana gaya wa maƙwabcinmu mai wanki cewa ƙaramar ta fara hankali. Kwana uku na yi ina tafiya ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Har manajan sashen kifi na gaya wa ya fara neman wata.

Ranar ashirin da ɗaya da rana Chizuru ta dawo. Ko rigar sanyi ba ta cire ba Yaya Takuma ya fesa mata labari, shi a tunaninsa albishir ne. Ta tsaya. Ta kalli kwamfutar, ta kalle ni.

"Guda nawa kika aika?"

"Duka. Ɗari huɗu da sha biyu." Na faɗa da ƙarfi don Baba ya ji.

"Ɗari uku da casa'in da takwas ya kamata."

Ta wuce ta buɗe durowar ƙasa ta fito da gwangwanin biskit. A ciki katunan makoki ne, farare masu zanen fure ruwan toka, waɗanda suke zuwa tun Nuwamba daga gidajen da aka yi rashi cikin shekarar, suna cewa muna cikin makoki, a yafe mana gaisuwar sabuwar shekara. Guda goma sha huɗu. Kowa a ƙasar nan ya san ba a aika wa irin gidajen nan barka. Ni ma na sani. Ni ce ma nake kwaso su daga akwatin wasiƙa in zube a tebur. Ban dai taɓa tambayar inda suke zuwa daga nan ba.

Ashe duk wanda ya zo sai Chizuru ta sa wa sunan wata ƙaramar alama a tsohuwar manhajar, ranar bugawa sai ta tsallake su da kanta. Sabuwar ta kwaso suna, ta kwaso adireshi, ta bar alamar a can.

Baba ya ɗauki katunan yana dubawa ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan na tara ya tsaya. Kawu Shiraishi ne na tsibirin Oshima, abokinsa tun firamare, mai ƙaramin masauki a bakin ruwa. Ya rasu a watan Agusta. Baba na cikin waɗanda suka tsinci ƙasusuwansa bayan an ƙona gawar, kamar yadda al'adarmu take. Ni kuma na aika masa doki mai dariya, da sunansa a kai, ina masa fatan tsawon kwana.

"Laifina ne, Baba," in ji Chizuru. "Da na rubuta sunayen a takarda na manna a jikin allon. Na bar su a wuri ɗaya, ban gaya wa kowa ba."

Nan ne na fashe. "Kada ki ƙwace min har laifina! Littafin uwata kin karɓa, kujera kin karɓa, ubana kin karɓa. Wannan ni na yi shi, ki bar min abina."

Yaya Takuma ya ce, "Ke Honoka, bakinki."

"Kai kuma je ka cire wani haƙorin."

Chizuru ta duba agogo ta ce gidan waya bai tashi ba, ta ɗauki hatimin shago da gwangwanin, ta fita da cikinta. Awa biyu ta yi tana cika takardun neman a dawo da wasiƙa, takarda ɗaya ga kowane kati. Da yake gidan waya kan riƙe irin waɗannan katunan sai ranar ɗaya ga Janairu, washegari aka kira, an tsamo sha ɗaya. Uku sun riga sun shige. Biyu ta kira su a waya, tana sunkuyar da kai ga bango kamar suna ganinta, suka ce ba komai. Na ukun na Kawu Shiraishi ne.

Baba ya ce wannan ba na waya ba ne. Ya ce in sa baƙar riga.

Muka haye gada a motar ɗaukar tabarma. Matar Kawu, wata 'yar tsohuwa mai wuyan riga har haɓa, ta shigar da mu. Baba ya kunna turare a gaban hoton abokinsa, sannan ya juyo ya durƙusa har goshinsa ya taɓa tabarmar da shi ya ɗinka da hannunsa. Ban taɓa ganin ƙeyar ubana daga sama ba sai ranar. Ni ma na kifa kaina, na ce ni ce na aika, a yafe min.

"Da sunansa kika rubuta?" in ji tsohuwar.

"Da sunansa, Inna."

"Me ke jiki?"

"Doki."

"Yana me?"

"Yana... dariya."

Sai ta ce, "To a bar shi ya zo. Tun da ya tafi babu takardar da ta zo da sunansa sai ta ofis, masu son in cike wani abu. Zan kai masa gaban hotonsa ya gani. Shi da ma ba ya son shiru." Ta kalli Baba. "Tashi, kai ma gwiwarka ba lafiya ce da ita ba."

Na ji numfashina ya dawo. Har na fara tunanin ashe ma alheri na yi. Sai ta juyo gare ni.

"Ke ce ƙaramar ko? Mai kifi. Ina Chizuru? Yaya cikin? Yarinyar nan duk ranar tara ga wata sai ta kira ni, ranar da ya rasu ke nan. Ba ta cewa komai, sai ta tambaye ni me na ci." Ta tashi da ƙyar ta ciko leda da lemo daga bishiyar bayan gida. "Ki kai mata. Ki ce ta riƙa ci, yana da kyau ga mai ciki."

Ni na riƙe ledar nan a cinyata har gida. Ko ɗaya ba a ce in ci ba.

A tsakiyar gada Baba ya yi magana. "Kin san sunan matar?"

"Inna Shiraishi."

"Sunanta na yanka."

Ban sani ba.

"Tomie," in ji shi. "Chizuru ta san sunan karensu ma."

Sabuwar shekara ta zo ta wuce, na ci tuwon shinkafar bikin kamar ina cin soso. Abin haushi, mutane suka yi ta kira suna yaba dokin. Har mutum biyu suka ce a zo a duba musu tabarma saboda katin ya sa sun tuna. Wa suke gaya wa? Chizuru, tunda ita ke ɗaukar waya. Na ji ta da kunnena tana cewa ƙanwar mijina ce ta zaɓa, amma wa ke riƙe irin wannan? Sabon tsarin kuma ta zauna ta koye shi cikin sati guda. Ta sake sa alamomin, ta kwafe komai a wuri biyu, ta kuma rubuta a takarda. Baba ya zo wucewa ya ga shafin masu kaya ya buɗe ya ce, "Kai, kin gyara ta da kyau." Ina tsaye a wurin da ledar shara a hannu.

Ranar goma ga Janairu Baba ya ajiye sandunan cin abinci ya ce ya yi tunani a kan maganar tebur. Zai kira 'yar ƙanwarsa. Ni na riga na sani, don haka ban ɗago ba, na ci gaba da tsince ƙaya.

"Baba, in ce wani abu?" in ji Chizuru. "Ni dai Honoka zan so."

"Wannan?"

"Firintar nan ni da ba zan iya tayar da ita ba, da sabuwa za mu saya. Ita ba ta tsoron na'ura, ni ina tsoro. Mutanen ne ba ta sani ba, kuma wata uku ya isa in nuna mata su."

Baba ya kalle ni tsawon lokaci, irin kallon da yake yi wa tabarmar da aka ce a juya ta maimakon a sauya. Sannan ya mayar da ido kanta.

"Tunda ke kika ce."

Shekara shida ina son teburin nan, aka miƙo min shi da kalma huɗu, kuma babu tawa a ciki. Yaya Takuma ya zungure ni da ƙafa ta ƙarƙashin tebur ya ce in yi godiya. Na ce na gode. Ta ce ba komai, ta zuba min ƙarin miya.

Yanzu wata na biyu ke nan da na bar kifi. Da safe muna zama tare, ita a kujera saboda ciki, ni a kan akwatin lemo, tana bi da ni suna bayan suna: wannan ba ya ji da kunnen hagu, wannan kada a kira shi kafin sha ɗaya, waɗannan sun rabu kada a haɗa sunansu a kati ɗaya. Ina rubutawa. Ta iya koyarwa, wannan ma wani abin haushin ne. Da rana takan shiga ta kwanta, wayar ta zama tawa.

Jiya wayar ta yi ƙara sau bakwai. Sau bakwai na ce shagon tabarma na Ochi, Honoka ce. Mutum shida suka ce, "Chizuru na kusa?" Na bakwai ya ce zai sake kira.